Gilashin da Ba a Taɓa Wankewa Ba

Shekara talatin da shida unguwarmu ba ta fitar da mummuna ko ɗaya ba. Duk mai shakka ya shiga gidajenmu ya dubi bango. Zai ga tsofaffi masu fata sumul, da angwaye marasa ƙuraje, da 'yan sanda masu idon tausayi. Sharaɗi ɗaya ne kawai: in ya gama duban bangon, kada ya juyo ya dubi masu gidan.

Wannan alheri duk aikin mutum ɗaya ne, mai hoton da ke kusa da shagon tela, wanda yaro da babba suke kira Kar-a-Motsa. Da kalmar yake buɗe aiki, da ita yake rufewa, har ta haɗiye sunansa na yanka. Shagonsa ɗaki biyu ne. Na gaba taku tara ne daga ƙofa zuwa labule, da kujera mai hannu ɗaya, da tukunyar furen roba da ta fito a hotuna fiye da kowane ɗan unguwa. Na ciki shi ne ɗakin duhu, inda yake wanke fim a ƙarƙashin jan ƙwan fitila, kuma ko matarsa ba ta shiga sai ta yi sallama sau biyu.

Kyamararsa ɗaya ce tun farkon sana'a, baƙa, mai nauyin dutsen guga, da gilashi ɗaya a gabanta mai lamba hamsin. In aka yaba hotonsa, sai ya ɗaga hannun dama ya juya shi a hankali kamar mai tallan zobe.

"Ba kyamara ba ce," yakan ce. "Hannu ne. Sauran kuma a wanki yake."

Babu wanda ya taɓa musa masa. Mutumin da ya rage maka shekara goma ba a jayayya da shi.

Sai fim ya fara wuya. Dillalin da ke kawo masa fim da maganin wanki ya koma sayar da wayoyi. Kar-a-Motsa ya tara abin da ya samu a firjin gida, kusa da ƙwai, yana ƙirga su kowace safiya kamar mai kiwon kaji. Da suka koma tara, matarsa ta ce ko dai ya nemi abin da zamani ke yi, ko ya nemi firjinsa. Babbar 'yarsu, wadda ke aikin gwajin jini a asibiti, ta ɗauki hutun yini guda ta ja shi zuwa kantin kyamarori.

Ya shiga kantin da takarda a aljihu, tambayoyi goma sha ɗaya ya rubuta. Mai kantin ya jera masa kyamarori huɗu a kan tebur, ya fara zuba lambobi: wannan miliyan kaza take gani, waccan tana ɗaukar hoto ashirin kafin ka ƙifta ido.

"Hoto ashirin na wa?" in ji Kar-a-Motsa.

"Na mutum ɗaya, Baba. Sai ka zaɓi mai kyau."

"Wato sauran sha taran na ɓata ke nan. Ni a ƙwaryar fim talatin da shida, talatin da shida nake fitarwa."

"Baba," in ji 'yarsa, "ka bar mutumin ya gama magana."

Mai kantin ya bayyana masa cewa a cikin kowace kyamarar dijital akwai ɗan faranti da ke karɓar haske a madadin fim. Na wasu girmansa daidai da fim, na wasu ƙarami ne. In ka sa gilashi mai lamba hamsin a kan mai ƙaramin faranti, sai ya matse, ya yanke gefe da gefe, dole ka ja da baya kafin ka kwashe mutum duka.

"Da baya taku nawa?"

"Kamar rabin abin da ka saba, a ƙara a kai."

Kar-a-Motsa ya tashi ya auna ƙasan kantin da ƙafarsa, yana ƙirga a fili, masu sayayya suna kauce masa. A taku na goma sha uku ya tsaya.

"In a shagona ne, nan tsakiyar titi ne," ya ce. "Mai babur zai kwashe ni da kyamarar. A ba ni mai babban farantin."

Wannan shawara ce ta hankali, kuma ya kamata a rubuta masa ita, domin ba a samu da yawa irinta ba a ranar.

Sai maganar gilashi. Mai kantin ya so ya ba shi mai zuƙowa, wanda kana tsaye wuri ɗaya zai jawo maka fuska ko ya tura ta. Kar-a-Motsa ya ce Allah ya ba shi ƙafa biyu, kuma har yau ba su nemi canji ba. Ya ciro tsohon gilashinsa daga cikin safa, ya gwada shi a bakin sabuwar kyamarar. Bai shiga ba. Ya juya shi hagu, ya juya dama, ya hura masa iska.

"Ba gidansu ɗaya ba, Baba," in ji mai kantin. "Ga sabon hamsin. Da kansa yake saita fuska. Gashin gira ɗaya-ɗaya zai nuna maka."

Kar-a-Motsa ya ji wannan a matsayin yabo. Ya karɓa.

Wadda ta fara zama a gaban sabuwar kyamarar ita ce Malama, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata. Shekara ashirin da biyu tana zuwa sau ɗaya a shekara, ta zauna a kujerar mai hannu ɗaya, ta ɗora jaka a cinya. Rabin matan unguwa ɗalibanta ne, kuma inda ta sa ƙafa nan suke sa tasu. Ita ce dalilin da ya sa sabon shagon hoto na tsallaken titi, mai fitilu masu launi, bai taɓa samun komai daga wajenmu ba sai hoton fasfo. A bana makarantar ta nemi babban hotonta za a rataye a zauren taro, an ba ta mako biyu.

"Kar a motsa!"

Ba ta motsa ba. Ba ta taɓa motsawa ba. Amma da ya sauke kyamarar sai ta miƙo hannu, domin ta ji labarin cewa irin waɗannan suna da ɗan allo a baya. A zamanin fim, mutum sai ya jira kwana uku kafin ya ga fuskarsa, kuma kwana uku sun isa ya shirya mata. Malama ta sa tabarau ta duba.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce, ranki ya daɗe."

"Wannan yayata ce. Kuma ta rasu."

Ya karɓi kyamarar ya duba shi ma. Mai kantin bai yi ƙarya ba. Ga gashin gira ɗaya-ɗaya, ga hoda ta taru a layukan gefen baki, ga wata jijiya a wuya da bai taɓa sanin Malama na da ita ba.

"Ba a wanke shi ba tukuna," ya ce, don bakinsa ya saba.

"To ka wanke shi. Da sabulu in ya kama. Ranar Laraba ta sama zan dawo, in kuma yayata na sake gani, zan tsallaka titi."

Kwana huɗu yana gwaji. Ya ɗauki tela, tela ya fito da ramukan fuska kamar hanyar da ruwa ya ci. Ya ɗauki matarsa tana tsintar shinkafa, ta duba ta ce ashe haka yake ganinta shekara da shekaru bai faɗa ba, ta yini ba ta yi masa magana ba. 'Yarsa ta ce akwai yadda ake goge fuska a kwamfuta, minti biyar ne, za ta koya masa.

"Wannan ƙarya ce," ya ce. "Ni ban taɓa taɓa fuskar kowa ba. Abin da Allah ya yi shi nake ɗauka."

"To Baba, wannan ma ai abin da Allah ya yi ne."

Ya yi tunani irin na masu sana'a, ya kai ga abin da ya gamsar da shi: hannun yana nan, sabon gilashin ne bai san hannun ba. A dawo da tsohon, komai zai koma wurinsa.

A bayan kasuwa akwai wani mai gyaran agogo da na'urori, dattijo mai ƙaramar murya, wanda ke aiki da gilashi maƙale a ido ɗaya. Ya ce akwai zoben ƙarfe da ake sawa tsakani, ya haɗa tsohon gilashi da sabuwar kyamara, sai dai saitin fuska zai koma hannu.

"Hannun nake nema," in ji Kar-a-Motsa. Ya zare gilashin daga safa ya ajiye masa kamar mai ba da amanar jariri. "Ka kula da shi. Shekara talatin da shida duk abin da ya gani ni nake wankewa. Shi kuwa, ka gan shi nan, ko sau ɗaya ba a taɓa wanke shi ba."

Fahariya ya yi. Mai gyaran ya ɗaga gilashin ya duba shi a hasken taga, ya gyaɗa kai, ya ce a dawo jibi. Shi mutum ne da in aka kawo masa abu aka ce ba a taɓa yi masa kaza ba, yakan ɗauka kazan ake so a yi.

Ranar Laraba Kar-a-Motsa ya zo shago da farar riga. Ya ɗaura tsohon gilashin, ya ji ƙarar shigarsa, ya yi murmushi. Bai gwada shi a kan kowa ba; mutum ba ya gwada hannunsa na dama. Allon bayan kyamarar kuma ya liƙe shi da baƙin salatif, ya ce leƙen hoto kafin lokacinsa shi ne ya jawo fitinar farko. Malama ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. Ya murza gilashin da yatsu biyu har fuskarta ta tsaya. Ya lura ta tsaya fes fiye da yadda ya saba, ya ce a ransa farantin ne babba.

"Kar a motsa!"

Sau ɗaya ya danna.

"A dawo bayan kwana uku," ya ce, muryarsa ta dawo irin ta da.

'Yarsa ce ta kai katin ajiyar hotuna na kyamarar aka buga hoton, girman rabin ƙofa, aka naɗe shi a takarda. Ta kawo, ta ajiye, ta ce tana sauri. A gaban Malama ya warware shi, ya jingina da labule, ya koma gefe ya tsaya.

Yayar ce. Wannan karon ma ta fi fitowa, don girman ya ba ta wuri.

Malama ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Aikin yana da kyau," ta ce. "Ba abin da ka rage." Ta juya ta nuna hotonta na bara da ke cikin gilashin taga, wanda rana ta fara ci. "Ciro min wancan. Shi za a rataye."

Ya ciro ya ba ta. Ta fita, ta duba hagu da dama kamar yadda ta koya wa yara shekara arba'in, ta tsallaka titi don a ƙara masa girma a shagon masu fitilu. Kafin wata ya ƙare, ɗalibanta sun gano hanyar.

Da la'asar ɗin ranar da Malama ta tsallaka titin ya tafi bayan kasuwa, ya ajiye kyamarar a gaban mai gyara.

"Zobenka ya ɓata min gilashi."

"Zobe rami ne kawai, ɗan'uwa. Babu komai a cikinsa sai iska."

"To me ya same shi?"

"Ai na wanke maka shi. Ba kai ka ce ba a taɓa ba?" Mai gyaran ya jawo aljihun tebur ya fito da ɗan ƙyalle mai toka-toka, ya shimfiɗa da alfahari. "Ka ga abin da na kwaso. Fumfuna ce, ta yi saƙa a ciki kamar gizo-gizo, ga maiƙo ya hau gilashin baya. Na yi mamakin yadda kake ganin mutane ta cikinsa. Duk wanda ka ɗauka da wannan ai kamar ta bayan labule ka ɗauke shi. A ɗaki mai laima kake ajiye shi, ko?"

Kar-a-Motsa ya tuna ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakin duhu, saman bahon wanki, inda ya saba rataye tsohuwar kyamarar. Ya dubi ƙyallen. Ya dubi hannunsa na dama, wanda ke kan tebur bai ce komai ba. Ya tuna cewa a shekarunsa na farko mutane sukan yi ƙorafi, kuma shi ya ɗauka daga baya ne ya ƙware.

"Za ta iya komawa?" ya tambaya a hankali.

"Wa?"

"Fumfunar."

Mai gyaran ya cire gilashin idonsa ya dube shi da ido biyu, ya ga da gaske yake. Mutum ne mai son ba da amsa daidai, sai ya yi lissafi.

"In ka mayar da shi kan ƙusar nan, ka bar shi, za ta dawo. Amma irin wadda na cire, mai kauri haka, sai ta shekara ashirin da biyar ko talatin."

Kar-a-Motsa ya yi godiya, ya mayar da gilashin cikin safa, ya koma shago ya rataye shi a ƙusar. Shekararsa sittin da takwas.