Mai Aski da Sojan da Ba Ya Mutuwa

Tun yana saurayi mai aski yake buga wasan gem guda a tsohuwar talabijin ɗin shagonsa: soja ne shi kaɗai a wata duniyar sama, yana harbin dodannin ƙarfe. Wasan ba ya raga wa kowa, da an kashe ka sai ka koma farko. Sai da furfura ta fito masa ya ga ƙarshen wasan, kuma da wannan yake tinƙaho.

Rannan ɗan ƙanwarsa ya kawo masa sabon samfurin wasan. Masu jiran aski suka yi ta yaba kyan hoton. Mai aski ya karɓa, ya bari da gangan aka harbe sojan. Sai ga soja ya miƙe a inda ya faɗi, har da wata kibiya tana nuna masa hanya.

"Wannan ai raini ne!" in ji mai aski, ya fizge wayar daga bango.

"Haba Kawu, sauƙi aka kawo wa mutane."

"Sauƙi? To zo ka zauna in yi maka aski. In na zabtare maka kunne, sai mu ga ko zai sake tsirowa."