Akwatin da Nicanor Bai Haɗa Ba

A garin Palo Hondo, in mutum ya mutu Nicanor Peguero ne ke auna shi, in ƙungiyar ƙwallo ta mutu ma shi ne dai. Kafinta ne, shagonsa na bakin gada ta ɓangaren injin rake, kuma ya shekara talatin da huɗu yana haɗa akwatin gawa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, fensir maƙale a kunne ko a coci yake, maganarsa ba ta da yawa.

Kogi ne ya raba garin biyu, wasan besbol, ƙwallon da ake jefawa a doke da sanda, ya ƙarasa aikin. Wannan ƙetaren namu ne, Koraye, masu yankan rake da ma'aikatan inji. Wancan na Jajaye ne, masunta da 'yan kasuwa, mutanen da ko ruwa za su sha sai sun yi hayaniya. Duk Lahadi ana karawa, amma wasan da ya amsa sunansa shi ne na Lahadin ƙarshen Janairu. Wanda ya ci ran nan shi ke binne ɗan'uwansa. A ɗauko akwatin gawa mai launin waɗanda aka ci, da sunan kocinsu a kan murfi, a zaga gari da ganguna, ƙarti su ɗaura ɗankwali suna kukan ƙarya, a je tsakiyar gada a jefa shi ruwa.

Tunda ba a san wa zai ci ba, fenti kuma yana son kwana uku kafin ya bushe, biyu Nicanor yake haɗawa duk shekara, kore da ja, ya jera su a bayan shago ya lulluɓe da buhu. Wanda ba a ɗauka ba, washegari ya kwance shi ya yi benci, don ba a barin akwati da sunan mai rai a cikin gida. Shekara bakwai a jere Jajaye na binne mu, har ta kai rabin bencin makarantar firamare in ka kifa su ja ne a ƙasa. Nicanor Kore ne har ƙashi, amma bai taɓa karkata harafi ɗaya ba. Sunayen 'ya'yan mutane da yawa sun bi ta hannunsa zuwa kogi.

Ɗa namiji ɗaya gare shi, Anselmo, da kowa ke kira Chemo. Mai cafe ƙwallo ne a da, har an kai shi babban birni Santo Domingo gwaji, gwiwa ta ci amanarsa, ya dawo ya kama acaɓa. Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofar shago, ya cire hula, ya ce, "Baba, sa min albarka." Nicanor ba ya ko ɗaga kai. "Allah ya yi maka albarka, Allah ya tsare." Amma duk unguwa an san zartonsa ba ya fara kuka sai an yi wannan. Bai mallaki abin da ya fi wannan gaisuwa ba, ko da yake da ka faɗa masa haka sai ya kore ka daga shagon.

A shekara ta takwas tsohon kocinmu ya gaji da wankan kogi, ya ajiye aiki. Shugaban ƙungiya, wani mai kantin siminti da bai san hagu da dama ba a filin wasa, ya nemi mutum biyar, duka suka ce masa suna da uzuri. Sai ya kira Chemo. Shekararsa ashirin da tara, ko 'yan firamare bai taɓa horarwa ba.

Tun rana ba ta yi zafi ba Telo wanzami ya ƙetaro gada. Ja ne na bugawa a jarida, kuma abokin wasan domino na Nicanor tun suna samari. Da "Don" yake kiransa, laƙabin girmamawa da mutanen gari ke yi wa dattijo.

"Don Nicanor! An ce kun yi sabon koci? Kai madalla! To in an lallasa ku, shi zai riƙa kai 'yan wasa gida a babur, ɗaya bayan ɗaya?"

"Tafi can, wanzamin banza, kai da ko kunnen mutum ba ka bari."

"Ni dai shawara na zo ba ka. Anselmo harafi bakwai ne, ka tanadi fenti."

Nicanor ya wurga masa guntun katako, Telo ya goce yana ƙyaƙyata dariya. Bayan ya tafi, Nicanor ya daɗe tsaye da guduma a hannu. Tsoro ne ya kama shi, don ya san wanzamin ya faɗi gaskiya.

Kakar wasan nan kuwa ba ta faɗuwa. Cikin karawa goma aka ci mu tara. Manyan 'yan wasa suna ce wa Chemo "yaro" a gaban jama'a. Mai jefa ƙwallonmu, Rufino, tare suka tashi da Chemo, saboda haka ko hannunsa ya mutu Chemo sai ya ji nauyin cire shi, ya bar shi a tsaye Jajaye na dukan ƙwallonsa kamar masu kakkaɓe katifa. Mutanenmu suka daina zagin alƙalin wasa, suka koma zagin ɗan Nicanor, shi kuwa yana zaune cikinsu yana jin komai.

"Ka ajiye aikin nan," ya ce masa wata safiya bayan ya sa masa albarka.

"Saura wasa ɗaya, Baba."

"Shi nake ji maka."

"Ka zo dai ka gani," in ji Chemo, ya tada babur.

A makon ƙarshe Nicanor ya shiga bayan shago ya jawo katakon da ya ɓoye shekara goma, wanda ya ce da shi za a binne shi. Tunanin da ya yi ke nan: tunda dai za su zaga gari da sunan ɗansa, to ba a kan tarkacen katako ba. Ya goge shi sau uku. Ya haɗa kusurwoyin yadda ko allura ba za ta shiga ba. Ya shafa kore, ya bari ya sha, ya sake shafawa. Sunan kaɗai ya ci masa yini guda, yana rubutawa yana share ido da bayan hannu. Kafin ya farga Alhamis ta wuce, allunan jan akwati na jingine a bango ko ƙusa ɗaya ba su gani ba.

Matarsa Casilda ta kawo masa shinkafa da wake, ta ɗaga buhun, ta dube shi.

"Nicanor, ina jan?"

"Wa zai tambaye shi?"

"In yaron ya ci fa?"

"Casilda, idona biyu nake kallon wasan nan shekara hamsin. Ajiye abincin ki tafi."

Ranar Lahadi, a zagaye na uku, Jajaye na gaba da biyu, sai aka ga Chemo ya tashi yana ɗingishi ya nufi tsakiyar fili. Ya miƙa wa Rufino hannu. Rufino ya ƙi, shi ma ya ƙi janye hannun, har ƙwallon ya dawo tafinsa. Ya ba wani bahago mai yankan rake da ya shekara yana ɗumama benci. Daga nan Jajaye ba su ƙara ganin ƙwallo ba. Uku da biyu aka tashi, mu ke da uku.

Fili ya kaure, tsofaffi na kuka, mata na buga marfin tukwane. Mutum ɗaya ne bai tashi ba. Nicanor ne, ya tuna allunan jan akwati. Da ya samu ya miƙe, ya kutsa ya kama hanyar shago da gudun tsofaffi, bai ma san me zai je ya yi ba. Kafin ya kai, taron ya cim masa da ganguna, Chemo a kan kafaɗun mutane, Jajaye na biye a baya don su ga jana'izarsu, kamar yadda aka saba.

"Don Nicanor, fito mana da gawa!"

Wani ya shige ya fizge buhun. Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Akwati ɗaya ne, kore shar, yana ɗaukar ido, irin wanda ba a taɓa gani ba a garin, da ANSELMO PEGUERO a kan murfi.

"Jama'a!" Telo ya ƙwala daga baya. "Ashe ubansa ma ya riga mu binne shi!"

Jajaye suka kece da dariya. Telo ya hangi fuskar abokinsa, tasa dariyar ta tsaya, amma magana ta riga ta fita.

Aka sauke Chemo. Ya tako ya shafa murfin, ya bi haruffan da yatsa.

"Ina nasu, Baba?"

Nicanor ya dubi allunan da ke jingine a bango. Chemo ma ya dube su.

"Wannan kam ka ɓata masa lokaci," ya ce a hankali. "Ya yi kyau."

Nicanor ya buɗe baki. Yana so ya ce katakon nasa ne, yana so ya ce don kada a wulaƙanta shi ne. Amma mutum ɗari uku na tsaye, shi kuma bai taɓa iya irin wannan magana ba ko su biyu ne. Chemo ya ratsa taron ya fita. Shekara takwas muna jira, ran da muka ci ba a binne kowa ba.

Ranar Litinin babur bai tsaya ba. Nicanor ya zauna har azahar bai taɓa zarto ba. Da ya kwance akwatin, ya kasa sa wa murfin zarto, sai ya jingine shi bayan ƙofa yana kallon bango. Casilda ta yi ta sintiri tsakanin uba da ɗa har ta gaji. Da damina ta zo kocin Jajaye ya yi ritaya, suka aiko wa Chemo, ya kwashe matarsa da kayansa ya ƙetare gada.

Shekara uku ke nan yana binne mu. Nicanor na nan, bayansa ya ranƙwafa, Telo na zuwa da domino ya koma da abinsa. Duk Janairu biyu yake haɗawa, bai ƙara kuskure ba, kuma yanzu a kan jan murfi yake rubuta sunan ɗansa da hannunsa, ya kwance shi ranar Litinin.

Wani lokaci Chemo kan ƙetaro da safe, ya rage gudu a ƙofar shago, ya taɓa bakin hula ba tare da ya cire ta ba.

"Ina kwana, Don Nicanor."

Tsohon yakan ɗaga kai yanzu, amma kafin ya haɗa magana babur ya wuce. Sai ƙarar ta yi nisa yake cewa, "Allah ya yi maka albarka, Allah ya tsare," sannan ya ɗauki zarto.