Mai Agogo da Rabin Ƙwaya

Na Allah ne mu, babba da yaro, kuma wurinsa za mu koma.

Ni ne Babban Likitan Zuciya da Jijiyoyin Jini, shugaban likitoci arba'in, wanda ba a gani sai an rubuta takarda an jira wata biyu. Ba na rubuta ta'aziyyar marasa lafiya, don da ina yi da tuni hannuna ya sage. Amma ranar Talata, tara ga watan Maris, labari ya iske ni cewa dattijon nan na bakin kasuwa da kowa ke kira Mai Agogo ya faɗi a shagonsa da hantsi, an kawo shi asibiti, bai kai la'asar ba. Shi ya sa na ture aikina gefe na ɗauki biro. Duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa ya kai ta shagon Tela, maƙwabcin mamacin, ya karanta masa da ƙarfi. A tsayar da keken ɗinki sai an gama.

Mai Agogo, da kai nake. Shekara talatin da ɗoriya kana zaune a shagon da mutum uku ba sa juyawa a ciki, gilashi maƙale a idonka na dama, agogo sun fi ashirin a bango, kowanne da nasa lokacin, kai kaɗai ka san mai faɗin gaskiya a cikinsu. An ba ni labarin matar da ta kawo maka agogon mijinta da ya rasu, ta ce ba ta son komai sai ta sake jin motsinsa. Ka nemi ƙarfen da ya karye ka rasa, sai ka kwance naka na hannu, wanda ba ka taɓa rabuwa da shi ba, ka ciro ka sa mata. Da ta tambayi abin da ya lalace, cewa ka yi ƙura ce kawai, ta tafi abinta.

An kuma ba ni labarin wani jikanka, ɗan babbar 'yarka. Ba yaro ba ne, gemu ya fara fito masa, amma bai san inda wasa yake tsayawa ba. Wata rana ka juya baya, ya bi agogon bango ɗaya bayan ɗaya ya tura su gaba da awa guda. Ka duba, ka rufe shago a gurguje, ka tafi masallaci ka tarar ko ladan bai zo ba. Da ka dawo bai ga sanda ba. Ka ce, "Allah ya yi maka albarka, ja'iri. Rabona da sahun farko har na manta." Haka kake, ana yi maka tsiya kana tsinto alheri a ciki. Wannan halin naka shi ne abin da yake hana ni sukuni yanzu.

Shekara shida kana fama da hawan jini. Ƙwaya biyu kake sha kowace safiya, ba ka taɓa tsallake rana ba. Bara aka canza maka, aka ba ka guda ɗaya, gefenta ɗaya fari ɗaya ja, an manne su. Aka yi maka bayani cewa magani biyu ne aka haɗa wuri guda don kada a sha ɗaya a manta ɗaya, a haɗiye ta ɗungurungum, sau ɗaya a rana.

Shi kuwa Tela, abokinka tun kuna samari, wanda katako ne kawai tsakanin shagonka da nasa, ya daɗe yana kukan ciwon ƙeya da ƙarar kunne. Ka yi, ka yi ya je a auna shi, ya ce shi ba ya zuwa inda za a ɗaure masa hannu kamar an kama ɓarawo. Ranar da ka zo da sabuwar ƙwayar kana nuna masa, jikan nan yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Tsoho, ashe likita ya san ku biyu ne. Ga taka, ga ta Tela, ya manna muku wuri ɗaya kamar shagunanku. Kai fari, shi ja."

Tela ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai, ɗan nema, ɓace mana da gani."

Kai ba ka yi dariya ba. Ka sa gilashinka, ka juya ƙwayar tsakanin yatsu, ka ga layin da farin ya haɗu da jan. Mutumin da yake raba ƙarfen da bai kai ƙwayar yashi ba, wannan ai ba aiki ba ne a wurinsa. Washegari ka sayi sabuwar reza.

Wata takwas kuna haka. Kai kana shan rabin abin da aka rubuta maka, shi yana shan abin da ba a rubuta masa ba, kowa yana ganin ya samu. Mai ɗakinka tana duba kwalin, tana ganin kullum guda ɗaya ta ragu, hankalinta kwance. Ranar awonka ta zo har sau biyu, ka ce me za a auna tunda kana shan maganinka. Daga nan ƙananan kusoshi suka fara zame maka daga hantsaki. Ka ce hasken shagon ne ya ragu, ka canza ƙwan fitila, bayan mako biyu ka sake canzawa. Ana ganinka ka dafe ƙeya, in an tambaya ka ce gajiya ce. Jikan nan ya ga rezar tun a wata na uku. Ya ga ana tsaga ƙwayar da idonsa. Daɗi ya ji, wai wasansa ya kama, ya fita yana dariya bai gaya wa kowa ba.

Ranar Talatar, Tela ya ji faɗuwar kujera ta bayan katako. Ya shigo ya same ka a ƙasa, baki ya karkace, kana son magana ba ta fita. A kan tebur ga reza, ga fari, ga ja, ba wanda ya kai ga nasa.

Ajali na Allah ne, ba mai ƙara masa minti ko ya rage. Wannan na sani. Amma akwai wanda nasa bai zo ba tukuna, kuma dominsa nake rubutun nan. Tela, na san ana karanta maka. Na san kai ka ɗauki ragowar kwalin. Na san har yau kana tsagawa, ka sha jan, ka ajiye farin a kwalin ashana, wai ba ka cin rabon abokinka. Shekaranjiya an gan ka kana murza idon hagu, kana tambaya wa ya tare maka haske, alhali babu kowa a ƙofa. Jiya kofi ya suɓuce daga hannunka, ka ce santsi ne. Abokinka ma da ƙwan fitila ya fara. Ƙwayar nan ba ta mutum biyu ba ce. Rabinta ba naka ba ne, kuma ko ɗungurungum ka haɗiye ta ba taka ba ce, sai an auna ka an rubuta maka abin da ya dace da jikinka.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Mai Agogo, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa ka yalwata masa shi. Abin da ya tsaga don tausayin aboki, ka sa masa a mizanin alheri. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, da 'ya'yansa mata uku, da jikoki, da maƙwabtansa na layin kasuwa. Allah ya ba ku haƙurin da babu mai bayarwa sai shi, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Babu wani babban likita. Ban taɓa zama a aji ba, iyakata allo, boko ma a waya na tsince shi. Bayanin ƙwayar nan wurin mai ba da magani a asibiti na samo, na sa ta maimaita mini sau uku har na haddace. Ni ne jikan. Ni na ce kai fari shi ja, ni na ga reza na yi shiru. Na ari sunan likita ne don na san in da bakina na faɗa, duk jira za ku yi ku ji inda dariyar take. Umma, yanzu kike jin wannan, na kasa kallon idonki in gaya miki. Kaka, ka saba yafe mini tun ban roƙa ba, wannan karon ina roƙo.

Baba Tela, kada ka wahalar da kanka neman babban almakashinka, ni na ɗauke da safen nan. Ina zaune da shi a ƙofar asibiti. Yau nake nufi, ba gobe ba. Ka zo ka zage ni son ranka, amma sai an ɗaure maka hannun nan zan miƙa maka.