Gwangwanin Auta Mai Faci

Duk direban da tayarsa ta taɓa sacewa a titin da ya gangara kasuwar katako ya san Auta mai faci. Dogo ne siriri, wuya kamar na zalɓe, hannuwa baƙi ƙirin waɗanda ko sabulun duniya ba zai fitar ba. Autan uwarsa ne, sunan kuwa ya manne masa har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Rumfarsa fallen kwano biyu ne a jikin katangar wani mai walda. A ciki akwai benci, famfo, jak, bahon ruwan da ake tsoma tif a nemi huda, sai tarin tsofaffin tayoyi da sauro ya mayar gidan haya.

Sana'ar gado ce. Ubansa ya bar masa kayan aiki, ya kuma bar masa kunci mai ji: yana kara tif a fuska zai gaya maka inda iska ke fita tun ba a kai ga baho ba. Abin da uban bai bar masa ba shi ne cusa hanci a gwangwanin sholisho, wannan da kansa ya tsinto. Sholisho dai ɗanko ne da ake shafawa a liƙa faci. Don roba aka yi shi, sai 'yan Adam suka ga hanci ya fi cancanta. Da fari wari ne kawai na bakin aiki. Sannu sai Auta ya lura duk ranar da faci ya yi yawa, ranar ya fi walwala. Daga nan ya fara ɗiga kaɗan a tsumma yana ɓoyewa a hannun riga, wai maganin gajiya. Kowane mashayi likita ne, tambaye shi ka sha bayani.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Ya yi aure a haka, aka haifa masa tagwaye a haka, har unguwa ta raɗa wa matar Maman 'Yan Biyu. Gajera ce mai baki, irin matan da idan suka yi shiru sai maƙwabta su leƙo su tambayi lafiya. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ƙona tsummokara sun fi a ƙirga. Kamar ana zuba ruwa a kwando.

Abin da bakinta ya kasa, taya ce ta yi shi. Wata rana ya sauya wa motar haya ƙafar baya, ya ɗora notuna bai ɗaure ba. Motar ba ta kai kwanar titi ba tayar ta wuce ta a guje, fasinjoji na salati. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Direban ya dawo da sifana a hannu, ya tarar da Auta zaune cikin baho yana dariya. Dukan da ya sha bai ji shi ba sai washegari.

Inna, uwarsa, da matarsa suka kama shi hannu bibbiyu suka kai asibitin da ake kwantar da irinsu. Ya yi watanni can. Ya yi rawar ɗari, ya yi amai, ya zagi duk wanda ya haife shi, sannan jikin ya saki. Ya fito da kumatu, idonsa fari tas, har tagwayen suka ɓuya a bayan Inna don ba su gane shi ba. Da za a sallame shi likita ya ce, "Ka ci abinci, ka yi barci, ka sha ruwa da yawa. Warin nan kuma kada ka ƙara kusantarsa. Ka canza sana'a."

Ka canza sana'a! Da sauƙi a bakin wanda ba a taɓa ce masa ya ajiye allura ya koma sayar da gawayi ba.

Auta dai ya gwada. Ya yi dako a kasuwar katako, bayansa ya ce bai san zancen ba. Ya tura baron ruwa, baron ya fi shi ƙarfi a gangare. Duk inda ya bi kuma sai wani direba ya leƙo ta taga, "Auta, ina ka shiga? Wancan ɗan koyon na gaba ya kashe min tif biyu!" Tukunyar gida ta fara kwana a kife, Inna ta fara cewa ta ƙoshi tun ba a zuba mata ba.

Maman 'Yan Biyu ce ta kawo dabara.

"Baban 'Yan Biyu, wai a duk aikin nan naka, ina ne sholisho yake shiga?"

"Wajen liƙi mana."

"Kawai?"

"Kawai."

"To, ni zan liƙa. Kai ka kwance, ka nemo huda, ka kankare. In an zo shafawa ka tsallaka titi ka ba ni wuri."

"Ke? A bakin titi? Me mutane za su ce?"

"Da kana zaune cikin baho kana wa direba dariya, me suka ce? Mutane ba su taɓa cika min tukunya ba."

Haka aka yi. Inna ta riƙe yara, ita kuma ta ɗaure gyale a ƙugu ta bi mijinta rumfa. Gwangwanin yana cikin jakarta, a ƙulle cikin leda, ko taɓa jakar ba ya yi. Idan ya gama kankare tif sai ya ajiye a benci, ya tsallaka ya tsaya gindin turken wuta. Ita ta buɗe, ta lakato da tsinke, ta shafa, ta jira ya sha iska, ta danna faci, ta rufe murfi, sannan ta ɗaga masa hannu.

Mai walda ya samu abin yi. "Auta, an kore ka daga ofis ne? Hajiya manaja, a taimaka a ƙara masa albashi!"

"Kai dai ji da idonka da wuta ta cinye," in ji ta. "Jiya ka gaida turmin injin, ka ce masa ina kwana Alhaji."

Direbobi suka dawo. Facinta ma ya fi nasa kama roba, don ba ta gaggawa. Tukunya ta tashi zaune. Auta yana cin abinci, yana barci, yana shan ruwa kamar raƙumi, duk yadda likita ya ce. Kullum da yamma ita kuma sai ta ɗaure kai da ɗankwali tana tsaki. "Wannan abin wari kamar mushe, kaina zai tsage. Me ka ji a ciki har ka ba shi rabin ranka?" Shi dai sai ya sunkuyar da kai. Amma tsakin nan yana masa daɗi, bai san yana masa daɗi ba sai da ya daina jin sa.

Damina ta wuce, ciwon kan matar ya wuce tare da ita. Inna ta ce alhamdu lillahi, jiki ya saba. Auta ya dubi matarsa. Ya san me ake kira sabo.

Daga gindin turke ya fara ganin abubuwa. Ta ajiye tsinke, da yatsa take shafawa. Da can tana kawar da fuska kamar mai wanke kashin jariri, yanzu sai ta sunkuya a kan tif ɗin, wai tana duba ko ya bushe. Murfin da take rufewa kafin ƙiftawar ido sai ya daɗe a gefe. Zolayar mai walda da take mayarwa da baƙar magana, yanzu dariya take yi mata, doguwa, har da riƙe ciki. Wani zai ce mace ta samu kwanciyar hankali. Amma ɓarawo ba ya ɓata sawun ɓarawo.

Ya so ya yi magana. Da wane bakin? Matar da ta bar ɗakinta ta zauna a rana saboda hancinsa, ita zai kalla ya ce me kike shaƙa? Ya gwada sau ɗaya a hanya, ya ce, "Ki riƙa amfani da tsinken nan." Ta ce, "Ka ji malamin faci. Tsinke ba ya kai wa gefe." Gaskiya ta faɗa kuwa, shi ma haka ya fara ce wa ubansa.

Ranar da abin ya fito fili, rana ce tsaka, ba ciniki. Ya tsallaka ya sayo musu ruwan sanyi. Da ya juyo sai ya hango ta a benci. Ba taya, ba tif, ba mota a gaban rumfa. Gwangwanin na kan cinyarta a buɗe, ta ja gefen gyale ta rufe shi, ta rufe fuskarta tare da shi.

Ya tsaya da ruwa a hannu, motoci na wucewa tsakaninsu. In ya tsaya nan, tana can. In ya je ya karɓa, gwangwanin ya dawo hannunsa, a buɗe, kusa da hancin da ya yi watanni yana roƙonsa. Tun daga nan ma bakinsa ya fara tara miyau, don jiki ba ya da kunya.

Ya ja numfashi ya riƙe, ya ratsa titi ana masa hon. Ya fizge gwangwanin, bai tsaya neman murfi ba, ya wurga shi cikin kwata. Sai da ya ga baƙin ruwa ya haɗiye shi sannan ya saki numfashi. Duk da haka ya samu rabonsa a gyalenta, ya zauna a benci.

Ta dube shi da jajayen idanu. Ta ce, "Kaina ne ya ɗan yi nauyi."

"Na sani," in ji shi. "Maganin gajiya."

Sai ta fashe da kuka. Mai walda ya leƙo da zolaya a baki, ya ga fuskokinsu, ya mayar da gilashinsa ya koma ciki.

Tun daga ranar ba a liƙi a rumfar Auta. Mai babur zai turo da ƙyar ya ce faci, Auta ya ce, "Sai dai iska, ɗan'uwa. Faci yana gaba." Ya buga famfo, ya ɗaure noti, ya sauya taya. Abin da ake samu ba ya kai tukunya tafasa kullum, Inna ta koma cewa ta ƙoshi. Matar ba ta daina zuwa ba. Ta ce zaman gida yana sa ta tunani, shi kuma ya fi son ta inda idonsa yake. Suna zaune a benci ɗaya, kowa na gadin kowa, kowa ya san warin da ɗan'uwansa yake ji a rai.

Shagon da ake sayar da sholisho kuwa yana nan ƙasa kaɗan, jikin na mai sabulu.

Jiya da la'asar ta miƙe ta karkaɗe zani. "Bari in sayo sabulu, kayan yaran nan sun taru."

"To," in ji shi.

Ya bi bayanta da ido, famfo a hannu. Ta wuce mai walda, ta wuce turken wuta, ta kusa shagunan nan biyu. Sai wata babbar mota mai lodin katako ta zo ta tsaya a gaban rumfa, ta tare titin gaba ɗaya, direban ya leƙo yana cewa a duba masa iskar baya.