Waliyyu da Shafin Korona

Tun yana ƙarami ake kiran Waliyyu sarkin tambaya a Aliero. Ko da ya girma ya buɗe shagon maganin dabbobi kusa da kara, kasuwar shanu, a Jega, halin bai sake shi ba. Makiyayi zai zo sayen maganin tsutsa, ba zai tafi ba sai ya koya masa sunayen ciyayi da Fulatanci.

Shekarar da korona ta shigo, kasuwa ta yi sanyi. Gwaggonsa Tasalla ta tare shi a tsakar gida.

"Kai da ka iya waya, wanga ciwo da anka ce ya zo, iska ne ko masassara?"

Ya duba Wikipidiya ta Hausa, kundin nan na intanet da 'yan sa kai ke rubutawa, ya tarar da bayani ɗan kaɗan. A sama an rubuta "gyara". Ya danna don ya ga abin da zai faru, sai shafin ya buɗe masa. Ya ƙara abin da ya ji a kasuwa, wai sirace da ganyen dogon yaro yana korar cutar.

Washegari an goge. Ransa bai wani ɓaci ba, shi dai yana so ya san wa ya gani, kuma daga ina. Ya bi sawu har ya gano mai gogewar, wata malamar jinya a Maraɗi mai suna Raihanatu. Ta bar masa saƙo: "Malam, a ina ka samo wannan? In akwai madogara, ni da kaina zan mayar."

Ya nema bai samu ba, sai ya tambaye ta inda take samo nata. Ta nuna masa sanarwar hukumomin lafiya. Daga nan suka raba aiki: ita ta tantance magana, shi ya nemo Hausar da Gwaggo za ta gane. Da aka yi ta ja-in-ja kan "killacewa", ya kawo misalin makiyayi da ke ware saniya mara lafiya daga garke, aka sa shi a shafin.

Cutar ta lafa, kasuwa ta dawo. Har yau bai taɓa ganin Raihanatu ba. Yanzu albasar Aliero yake rubutu a kanta, idan shago ya yi shiru. Shafin korona kuwa, mutanen da bai sani ba sun yi ta ƙari da gyara, har ba ya gane jimlar da take tasa.