Ba'adaren da Ya Iya Yaren Holan

Kafin Ba'adare ya tare a layinmu na Mansur a nan Makka, ni ne mai baki a wajen mai shayi. In aka zauna bayan la'asar ni ke kwaikwayon Sakkwatawa da Katsinawa, har yaranmu haifaffun Makka, waɗanda Larabci ya cinye wa harshe, su taru suna dariya. Shi kuwa Ba'adaren mutumin Tawa ne ta ƙasar Adar a Nijar, siriri, ba ya son hayaniya. Ya yi shekaru yana aikin tashar jirgin ruwa a Beljiyam kafin ya dawo nan wurin yayarsa. Na same shi abin tsokana. In ya ce gujjiya in ce gyaɗa, in ya ce yuƙa in tambaye shi ko wuƙa yake nufi. Sai ya yi murmushi ya ce, "Bakano, kai dai ka huta."

Ni na kai shi aikin turin arabiyya, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Ni na nuna masa yadda ake ratsa cunkoso ba a taka kowa ba.

Wata shekara aka haɗa mu da ayarin alhazan Holan. A cikinsu akwai wani dattijo mai ciwon gwiwa, ba ya jin Larabci ko kaɗan. Ina ta fama da shi da hannu, sai Ba'adare ya sunkuya ya ce masa wani abu da wani yare mai fitowa daga maƙogwaro. Ashe yaren Holan ne, a Beljiyam ma ana yin sa. Dattijon ya zabura, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Tun daga nan na zama ɗan kallo. Ni ke turi, ni ke gumi, su biyu suna tafe suna hira. Dabino in ya fito daga jakar dattijon, hannun Ba'adare yake fara sauka, ni sai in an tuna.

Abin ya ci ni. Na shekara ashirin ina tsokanar mutane a kan harshe, ga wanda nake yi wa dariya da harshe guda cur a aljihu, bai taɓa ko ambata ba.

Ranar sa'ayi, muna dab da korayen fitilu inda maza ke sassarfa, dattijon ya daki hannun keken ya ce, "Lopen, lopen." Ba'adare ya juyo ya ce, "Bakano, gudu yake so. Tura da sauri."

Na kuwa zuba da gudu. Dattijon ya ƙanƙame keken yana ihu, haraminsa ya zame daga kafaɗa. Da na tsaya, ya yi ta magana yana haki, sai na ga fuskar Ba'adare ta canja.

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi a sauke shi ya taka da ƙafarsa. A wajensu lopen tafiya ce. Mu a Beljiyam gudu ke nan."

Na ce a raina yau dai asiri ya tonu, ashe yaren ma rabi ya iya. Har na fara shirya yadda zan ba da labarin a wajen mai shayi.

Sai dattijon ya fashe da dariya, har da hawaye. Ya sauka, ya dafa kafaɗar Ba'adare, suka taka tare har Marwa, ni ina biye da keke ba kowa a ciki. Da aka gama muka zauna shan zamzam, suka shiga tonon kalmomi. Wannan ya faɗi tasa, wancan ya ce a'a, su ba haka suke cewa ba, sai su tafa. Ba'adare yakan juyo ya ɗan gutsura mini: wai schoon a Holan mai tsabta ne, a Beljiyam kuma kyakkyawa, wai soyayyen dankali ma kowa da sunan da yake kiransa, kuma kowa na ganin ɗayan ne bagidaje. Na ce to, na kau da kai. Irin wasan da na fi kowa iyawa ake yi a gabana, ba ni a ciki.

Ranar da za su tashi, dattijon ya rungume Ba'adare ya daɗe. Ni ya miƙa mini hannu ya ce shukran.

Na ba da labarin gudun a wajen mai shayi, na ƙara masa gishiri. An yi dariya, amma da aka lafa sai yaran suka kewaye Ba'adare, wai ya faɗa musu yadda ake cewa ruwa da yaren, yadda ake cewa uwa. Har ɗana na cikinsu, shi da ban taɓa samu ya zauna ya koyi karin magana ɗaya a bakina ba.

Har yanzu dattijon na aiko wa Ba'adare da saƙon murya. In ya shigo muna tare, Ba'adare yakan kara wayar a kunne yana dariya shi kaɗai, sannan ya ce, "Yana gaishe ka, Bakano." Nakan ce ina amsawa. Ban sani ba ko da gaske an gaishe nin.