"Shi" Ɗin Baba Ndaceko

Baba Ndaceko mutumin Bida ne. Tun yana saurayi ya zo Minna, ya samu aikin masinja a wani ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, inda ake sasanta ma'aurata. Hausarsa tana fita sarai, sai abu ɗaya: a bakinsa mace "shi" ce, namiji ma "shi" ne. Matarsa ta yi gyara har ta gaji.

Da aka zabtare kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, sai ofishin ya fara ramewa. Aka ajiye babur ɗin ziyara, aka yanke wuta, sannan aka haɗa wa Madam Theresa, jami'ar sulhu, ofis uku, ranar Laraba kaɗai take leƙowa. Baba ya rage daga shi sai makulli da benci.

Wata Litinin Zikrullahi, tela a Tudun Fulani, ya shigo da matarsa Sa'adiya, kowa fuska a murtuke. Ita ta ce ya sayar mata da keken ɗinki bai shawarce ta ba. Shi ya ce ta yi masa tsiwa a gaban kwastoma. Ta riga ta ɗaure kayanta, motar garinsu Beji za ta hau in ba a raba gardamar yau ba. Baba ya ce su dawo Laraba, ta ce ko azahar ba za ta kai ba.

Baba ya ga auren zai mutu a kan bencinsa. Ya saurare su tsaf, ya ɗaga kai yana kallon fankar da ta daina juyawa, don kada ya haɗa ido da kowa.

"'Ya'yana, gaskiya shi ne bai kyauta ba," in ji shi. "Shi kuma ya yi haƙuri."

Sa'adiya ta ji Hausa yadda take, "shi" mijinta ke nan, ta gyara mayafi, an ba ta gaskiya. Zikrullahi kuwa da ma ya san bakin Baba, ya tabbata matar ake nufi, ya yi gyaran murya irin ta wanda ya ci shari'a. Kowa ya yafe wa mai laifi. Keke Napep ɗaya suka hau.

Ranar Laraba Madam Theresa ta tambayi Baba wa ya bai wa laifi. Ya ce ai ya faɗa, shi ne.

Da ma ya yi niyyar shiga ajin yaƙi da jahilci ya gyara harshensa. Shi ma ajin an rufe shi, kuma da matarsa ta ji labarin, ta daina yi masa gyara.